Bayan daren Ista, ina waɗanda aka yi wa baftisma suka shiga?

Katikis na Reshe:
Ɗaukaka ga Yesu, 'yan'uwa. Barkanmu da Ista. Na san wani zai ce Baba ya makara, ai Ista ta wuce tun makonni biyu. To wannan maganar ce ma ta kawo ni.

A daren Asabar, 4 ga Afrilu, mutum 17 daga ajin da nake koyarwa a matsayin katikis, wato malamin addini na cocin reshe, aka yi wa baftisma a babban coci. Shekara biyu muna tare da su, kowace Laraba da Asabar da yamma a gindin mangwaron bayan coci, ruwa ya dake mu, rana ta dake mu. Jiya Lahadi ta uku ta Ista na buɗe littafin suna, mutum 6 na samu. Ranar Jumma'a Mai Kyau sai da muka aro bencina daga makarantar firamare, wasu ma a tsaye suka yi sujada ta taga. Jiya layi uku na baya ba kowa.

Ikilisiya ta ba mu kwana 40 na azumi, ta ba mu kwana 50 na murna, daga Ista har Fentikos, bikin saukowar Ruhu Mai Tsarki, wanda bana zai faɗo 24 ga Mayu. Arba'in ɗin muna riƙe su da haƙori. Hamsin ɗin kuwa ko sati ɗaya ba ma kaiwa. Me ke kawo haka? A reshenmu ne kaɗai, ko ku ma haka ne a wajenku?

Maman Biyu:
Girma ga Maryamu. Baba Katikis, ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. A cikin gari ma haka ne. Lokacin azumi Hanyar Gicciye ranar Jumma'a sai ka rasa wurin durƙusawa. Ana gama shinkafar Ista, shi ke nan, kowa ya kama gabansa sai Kirsimeti.

Baban Gona:
Baba, a yi mana adalci. Ruwan farko ya sauka, duk wanda bai yi sharar gona ba yanzu zai ci kwakwa. Azumi yana faɗowa da rani, ba aikin fari ba na baƙi, dole coci ta cika. Yanzu mutum ya wuni a duƙe, ya dawo ƙugu kamar zai ɓalle, ka ce ya zo addu'ar yamma? Ba rashin bangaskiya ba ne, damina ce.

Katikis na Reshe:
Baban Gona, ni ma da fartanya na girma, har yau kuma ita ke ciyar da ni, don abin da ake ba katikis kai ma ka sani. Ban yi maganar addu'ar yamma ba. Lahadi nake nufi. Wa ke zuwa gona ranar Lahadi a garinmu?

Baban Gona:
To nan kam ka kama ni.

Ɗan Kwaya:
Ni a ganina abin a fili yake. Azumi yana da abin yi. Toka a goshi, barin nama, Hanyar Gicciye, ganyen dabino, wankin ƙafa, sumbatar gicciye. Kowane mako akwai abin da jiki zai yi, har ƙaramin yaro ya san ana cikin wani abu. Ista kuma fa? A ce maka yi murna kwana 50. Da me? Mu a kwaya wata biyu muka yi muna koyon waƙoƙin Mako Mai Tsarki, muryoyi suka dushe. Bayan Litinin ɗin Galili, wato fitar da ake yi washegarin Ista, ba wanda ya sake zuwa koyon waƙa, ni ma ban je ba, ba zan yi ƙarya ba. Jiya waƙoƙin da muke yi a watan Agusta muka maimaita, Halleluya ɗaya ce ta bambanta.

Malama:
Wannan yaron ya faɗi gaskiya. Bana azuminmu da na maƙwabtanmu Musulmi kusan tare suka fara, kuma abokiyar aikina ta yi mini irin wannan kukan, wai da an sha ruwan ƙarshe an yi Sallah sahu yake raguwa a masallacin unguwarsu. Amma ta ce su suna da Sitta Shawwal, kwana shida da mutum zai ƙara don kada igiyar ta tsinke gaba ɗaya. Na tsaya ina tunani, mu mene ne namu bayan Ista? Akwai, ko babu ne?

Tsohon Ɗan Seminari:
Akwai, Malama, har ya yi yawa. Mu ne muka ajiye shi a kabad.

Bari in fara da mutanen Baba Katikis. Tsarin da ake bi wajen karɓar manya cikin Ikilisiya, wanda aka sabunta a 1972 bayan Babban Taron Batikan na Biyu, bai ƙare a daren baftisma ba. Akwai mataki na ƙarshe da ake kira mistagojiya, kalmar Helenanci ce, ma'anarta a ja mutum a shigar da shi cikin asirin abin da ya karɓa. Wannan mataki shi ne dukan kwanakin Ista har Fentikos. An tsara a ba su wurin zama na musamman a Misar Lahadi tare da iyayen baftismarsu, a ambace su a wa'azi da addu'o'in jama'a. A ƙarni na 4, a Urushalima, sai bayan an yi wa mutane baftisma ake zaunar da su a makon Ista a warware musu ma'anar ruwan da man da gurasar, akwai koyarwar da ake dangantawa da Waliyyi Siril ta wannan makon har yau. Hikimar ita ce wanda bai ɗanɗana ba, bayani ba zai shige shi ba. Kwana takwas suke yi da farin tufafinsu, shi ya sa tsohon sunan Lahadi ta biyu da Latin yake nuni ga fararen tufafin nan.

Kai kuma Ɗan Kwaya da kake neman abin da jiki zai yi, Taron Nikiya na shekara ta 325, wanda ya yi magana kan ranar Ista, ya ce a yi addu'a a tsaye, ba durƙuso, a ranakun Lahadi da cikin kwana hamsin ɗin nan. Ka ga su da ƙafafunsu suke murnar. Yanzu ma addu'ar Mala'ikan Ubangiji da muke yi da safe, tsakar rana da yamma, a wannan lokaci ana sauya ta da ta Sarauniyar Sama. Mutum nawa ne a nan suka sauya?

Maman Biyu:
Ni na sauya, amma daga littafi nake karantawa, har yau ta ƙi zama a kaina.

Ɗan Kwaya:
Yaya, duk lokacin da ka buɗe baki sai an koma ƙarni na 4. Mu a sauko da mu 2026.

Tsohon Ɗan Seminari:
Ƙanena, wanda bai san inda aka fito ba ai shi ke maimaita waƙar Agusta a watan Afrilu.

Kawu Direba:
Ku bar zagaye-zagaye. Kuɗi ne ke korar mutane. Kafin Ista kuɗin kyandir, kuɗin fenti, ambulan Ista, kuɗin zanen ƙungiya. Mutum ya zo Lahadi a yi baiko uku, wato a karɓi kuɗi sau uku, sanarwa ta fi wa'azi tsawo. Sabon shiga ya zo da zuciya ɗaya, abin da zai fara gamuwa da shi katin biyan kuɗi ne. Sannan ku dubi Galili ɗin nan. Asali an ce a fita a sadu da Yesu da ya tashi, kamar yadda aka gaya wa almajirai su je Galili. Namu na bana ban ji an buɗe Littafi Mai Tsarki ba, amma na ga an buɗe tukwanen burkutu.

Mai Kula da Zaure:
Kawu, maganar baiko mun yi ta a watan jiya har aka yi fushi. Don Allah a tsaya kan tambayar Baba Katikis. Ta Galili kuwa a bar ta sai Fada ya shigo.

Auta:
Ina gaishe da iyayena da yayyena. Ban taɓa magana a nan ba, karatu kawai nake yi. Ni ba 'yar ajin Baba Katikis ba ce, a wani farish nake, amma ni ma a daren nan aka yi mini baftisma, kuma ni ma Lahadin jiya ban je ba. Sai na ga gara in faɗi nawa, wataƙila irinsa ne ya sami wasu.

Aure ne ya kawo ni garin nan, ba ni da dangi. Shekara biyu ajin nan shi ne gidana. Idan ban je ba za a tambaya, idan ɗana ba lafiya za a zo. Daren baftisma ban san yadda zan kwatanta shi ba. Aka kashe fitilu duka, aka hura wuta a waje, Fada ya shigo da babban kyandir, wuta tana wucewa daga hannu zuwa hannu har ta iso kaina. Kakin ya ɗiga mini a babban yatsa, ban ma ji zafi ba sai da gari ya waye na ga tabon. Da aka zuba mini ruwa mata suka yi guɗa, na yi kuka kamar yarinya.

Lahadi ta biyu na je da wuri. Bencin da 'yan aji muke zama an ba sababbin masu koyo. Na tsaya a ƙofa ban san inda zan zauna ba. Zumuntar Mata suna gefe guda da zanensu iri ɗaya, ni ba ni da zanen, ban san wa ake tambaya ba, ban san nawa ne ba. Uwar baftismata a ranar Asabar ɗin aka haɗa ni da ita a bakin coci, don wadda na zaɓa ba ta yi auren coci ba aka ce ba za ta iya tsayawa ba. Matar kirki ce, ta saya mini farin zane, amma ko sunan unguwarmu ba ta sani ba. Aka tashi, kowa ya tafi taron ƙungiyarsa, na ɗauki ɗana na dawo gida. Farin zanen yana ƙasan akwati a ninke.

Ba fushi na yi ba. Kawai na ji kamar an yaye ni ne.

Maman Biyu:
Wayyo 'yata. Kin sa na ji kunya. Shekara nawa ina cikin shugabannin Zumunta, ban taɓa tunanin yadda zanen nan yake a idon wadda ba ta da shi ba. Mu muna ganinsa haɗin kai, ashe ga wata katanga ne. Ki turo mini saƙo ta gefe, na san shugabar matan wajenku, kuma ina da zane biyu.

Malama:
Auta, kalmar nan da kika yi amfani da ita, yaye, ita ce ciwon. Mun mai da ajin baftisma makaranta: a yi jarrabawa, a ci, a karɓi kati, a yi hoto. Wa ke komawa firamare bayan ya karɓi takardarsa?

Katikis na Reshe:
'Yata, Allah ya yi miki albarka. Na zo neman laifin mutum 11, kin nuna mini nawa. Ni da bakina na ce musu a Asabar ta ƙarshe, to mun gama, Allah ya ba da sa'a. Kuma Larabar da ta biyo na buɗe sabon aji. Maganar iyayen baftisma na haya kuwa, ni kaina na sha tare mutum a ƙofar coci in ce zo ka tsaya wa wannan, minti goma ne. Ashe aikin rai da rai nake rabawa kamar aron kujera.

Kawu Direba:
To ba ga shi ba, har da kuɗin zane a ciki. Na faɗa aka ce in yi shiru.

Mai Kula da Zaure:
An ji, Kawu. Ka ci rabin gaskiya.

Fada:
Salama gare ku duka. Yanzu na dawo daga ƙauye na tarar da saƙonni sun taru, na karanta tun daga farko. Auta, na gode. Ba ni ne Fadanki ba, amma abin da ya same ki yana faruwa a ƙarƙashin hancina, don haka na karɓi rabona.

Zan faɗi yadda abin yake ta ɓangarenmu, ba don kare kai ba. Daga Lahadin Dabino zuwa safiyar Ista firist ba ya barcin kirki. Zaman jin furcin zunubi na awoyi, Misar keɓe mai a babban cocin Bishop, kwana ukun nan masu tsarki. Ranar Litinin jiki ya mutu. Sai mu ma mu ɗauka an sauke kaya. Ga rassa, wani reshen sai mako na huɗu ko na biyar nake isa da Misar Ista, in ruwa ya cika rafi ma a ɗaga. A irin waɗannan ƙauyuka ne na gane amfanin kwana hamsin. Ranar da na isa, ranar ce Istarsu, da ganga da guɗa, kuma ba su makara ba ko kaɗan. Dokar Ikilisiya da ta ce kowane Katolika ya karɓi Jikin Ubangiji aƙalla sau ɗaya a shekara a lokacin Ista, faɗin nan nata yana amfanar irinsu.

Ɗan Kwaya ya ce ba abin yi. Ka saurari karatun farko na kowace Lahadi a wannan lokaci. An ajiye Tsohon Alkawari, Ayyukan Manzanni ake karantawa har Fentikos. Ba a banza ba. Littafin labarin mutanen da aka yi wa baftisma ne da abin da suka yi washegari. Ranar 12 ga Afrilu mun ji sura 2, inda suke cin abinci gida gida, suna raba abin hannunsu. Ranar 3 ga Mayu za mu ji sura 6, inda aka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayen wani ɓangare wajen rabon abinci, har aka zaɓi mutum bakwai su kula da abin. Kun ga Ikilisiyar farko ma ta manta da wasu a bakin ƙofa. Bambancin, da aka yi ƙorafi ba su ce a yi haƙuri ba, sun naɗa mutane da sunayensu. Bisharar jiya ma, ta mutum biyun nan na hanyar Imuwasu, barin Urushalima suke yi, sun juya wa jama'a baya. Yesu bai aika a kira su ba, bin su ya yi a ƙafa.

Saboda haka aikin azumi na ciki ne da baki, na Ista kuma na ƙafa ne. Hausawa sun riga mu faɗa, zumunta a ƙafa take.

Kawu, maganar Galili ka yi gaskiya, za mu zauna da shugabannin matasa. Ta baiko uku kuma ka same ni a ofis, kada Mai Kula da Zaure ya kore mu tare.

Baban Gona:
Fada, tunda ka shigo, ina da roƙo. Lokacin da nake yaro ana kawo iri coci a sa masa albarka kafin shuka, gero, dawa, masara, gyaɗa, kowa da ɗan ƙullinsa a gaban bagadi. Yanzu sai godiyar kaka kawai ake tunawa, lokacin da za a karɓa. Idan ana so manomi ya ji Ista ta shafe shi, a zo masa ta gona.

Tsohon Ɗan Seminari:
Wannan ma tsohon abu ne. Kwana ukun da ke gaban Hawan Yesu zuwa sama ranakun roƙo ne don amfanin gona, ana zagaya gonaki da addu'a. Wani Bishop mai suna Mamertus ne ya fara su a Faransa wajen shekara ta 470.

Ɗan Kwaya:
An ci gaba, yau mun iso ƙarni na 5.

Fada:
Baban Gona, na karɓa. Amma Hawan Yesu bana Alhamis ce, 14 ga Mayu, kafin nan wasunku sun shuka masara. Mu yi albarkar iri wannan Lahadin, 26 ga Afrilu, ta Makiyayi Mai Kyau. Baba Katikis, ka sanar a reshe, zan fara da ku da ƙarfe bakwai. Ina so mutum 17 ɗin nan su zauna a layin gaba da iyayen baftismarsu, daga nan har Fentikos, kuma su za su kawo gurasa da ruwan inabi bagadi. Daga Jumma'a 15 ga Mayu za mu fara addu'ar kwana tara ta Ruhu Mai Tsarki, amma ba a coci ba, gida gida, kuma gidajen sababbin za a fara. Da daddare bayan an dawo gona, rabin awa, kada wani ya mai da shi wa'azi.

Malama:
Fada, a yi hattara da abu ɗaya. Idan aka ce za a zo gidan mutum, zai shiga damuwar abin da zai ba baƙi, wani har bashi zai ci. A faɗa tun yanzu cewa ruwa kawai za a sha.

Maman Biyu:
Ruwa kawai a gidan da Zumunta ta shiga? Malama, ki bar mana wannan. Mu za mu zo da kunu daga gidajenmu, mai gida tabarma kawai zai shimfiɗa.

Kawu Direba:
Ni dai ina nan a kan bakana, wata shida za a yi a koma gidan jiya. Amma ranar Alhamis ba na lodi, in akwai inda za a je da nisa ga mota.

Katikis na Reshe:
'Yan'uwa, ban jira Lahadi ba. Jiya da yau na zaga da keke, na sami gida bakwai cikin goma sha ɗaya. Biyu sun tafi Abuja aikin gini tun Talatar Ista, ba wanda ya ba su takardar da za su nuna a cocin can, ni ne ya kamata in rubuta. Ɗaya tana kwance da zazzaɓi kwana tara, ba mu sani ba. Wani dattijo kuma ya ce shi tsoron karɓar Jibi, wato Jikin Ubangiji, yake yi, don ya yi faɗa da ɗan'uwansa a kan iyakar gona bayan baftisma, kuma bai san yadda ake shiga wurin Fada a furta zunubi ba. Mun koya a aji da baki, amma bai taɓa yi ba, kunya yake ji ya tambaya. Na ce Lahadi zan raka shi har bakin ƙofa. Sauran ukun ba wani dalili, sun ce sun ɗauka an gama ne. Gida huɗun da suka rage suna hayin rafi. Kawu, Alhamis ɗin nan ƙarfe nawa?

Kawu Direba:
Tara. Man fetur a kaina, amma in motar ta maƙale a yashi kai za ka tura.

Auta:
Mama ta haɗa ni da shugabar mata, ta zo gidanmu da yamman nan da wasu mata biyu, har sun goya ɗana. Fada, tambaya ɗaya. Farin zanen nan, ya halatta in sake ɗaura shi, ko na daren nan ne kaɗai?

Fada:
Naki ne, Auta. Ki ɗaura shi wannan Lahadin, ki ɗaura ranar Fentikos. In kyandir ɗinki bai ƙare ba, shi ma ki adana.

Auta:
Saura kamar tsawon yatsa. Yana cikin zanen.